Atishawar Baba Abatcha

Nguru, bayan tsohuwar tashar jirgi
Ranar Laraba

Zuwa ga Baba Abatcha, kasuwar tattasai, Gashua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya gwiwar? Yaya 'yarka Rahima da karatun jami'a? Mu nan lafiya lau, sai Inna da mura ta kama, ita ma da sauƙi, ta ce a gaishe ka.

Baba, ni ne Ridwanu ɗan marigayi Kyari. Rabonka da ni tun zaman makokin mahaifina, lokacin ko gemu ban fara ba. An ce mini ba ka karɓar maganar manya a waya, shi ya sa na ba Bappayo direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar aure ce. Ina son Bushra, 'yar Malam Modu mai bandar kifi, ita ma tana so na. Mahaifinta ya ce in turo magabatana, kuma ya ce ba ya son aboki ko maƙwabci, dangin uba yake so. A dangin ubana kuwa kai kaɗai ka rage. In ba ka zo ba, babu mai zuwa.

Na san zai tambaye ka sana'ata, to gara ka ji daga bakina kafin 'yan gulma su riga ni. Fassarar fim nake yi a gidan kallon Oga Obinna. Ana sa fim ɗin Turawa bayan la'asar, a rage murya, ni kuma ina gefen talabijin da makirfo ina mayar da shi Hausa nan take. Ni ne muryar jarumi, ni ne mugu, ni ne macen, in kare ya yi haushi ma ni ne. Amma in ka faɗa wa mutanen garin nan sai su ce, "Au, surutu?" Surutu! Ni da ban wuce aji uku ba, na koyi karatu a jikin jaridar da ake naɗe tsire da ita, na koyi Turanci a rubutun da ke gudu a ƙasan fim, wai wanda ko allon shagonsa ba ya iya karantawa shi ne zai ce mini surutu.

Da ma ka ga abin da ake yi a makon nan. Mun samu wani fim na ɓarayi, faɗa da ban dariya a haɗe. Wasu mutum biyar ne suka shirya kwashe zinaren wani attajiri da ya rushe gidajen talakawa. Shugabansu tsoho ne mai haƙoran roba, duk sanda ya daka tsawa sai su faɗo. Akwai wani ƙato da ya maƙale a bututun iska, rabi a ciki rabi a waje. Akwai mace direba da ta fi iya gudu da baya.

Fim ɗin daban, 'yan kallo daban. Da ƙaton nan ya maƙale, wani masunci ya miƙe tsaye kan benci yana ihu, "Ku shafa masa man gyaɗa! Man gyaɗa, jama'a!" Wani kofur da ya shigo da kakinsa, da aka fara bin ɓarayin da mota, shi ne ya fi kowa ɗaga murya: "Ku bi ta lungu, akwai shinge a gaba!" Madam Bose mai sayar da shinkafa a bakin ƙofa ta leƙo don ta karɓi kwanonta, ba ta koma ba sai da tukunya ta kama, tana tsaye tana cewa, "Yesu, ka fid da yaran nan." Wani malamin unguwarmu ya ce sata haram ce ko a fim, ya fita cikin fushi. Washegari ya dawo, wai yana so ya tabbatar.

Wannan ita ce sana'ata, Baba. Ba na sata, ba na roƙo. Don Allah ka sa rana.

Ɗanka,
Ridwanu


Gashua, ranar Litinin

Ridwanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Ka gaida mahaifiyarka, ta sha citta da kanumfari. Rahima ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Takardarka ta zo. Amma kafin ta zo, wani abu ya riga ta. Kwanan nan in na ɗebi tattasai a buhu na shinshina, kamar yadda nake yi tun ba a haife ka ba, sai 'yan dako su haɗa baki su ce, "Kai! Wannan ya sha ruwa!" sannan su yi atishawa. Yara suna yi, direbobin Jakusko suna yi. Jiya wani mutumin Dapchi da ban taɓa gani ba ya tsaya a gaban rumfata ya yi, ya wuce. Na matsa wa Bappayo, ya ce daga gidan kallonku abin ya fito.

Ba ka sa wannan a takardarka ba.

Maganar Bushra a ajiye ta tukuna, sai na gani da idona.

Abatcha

Yaya Ridwanu, ni ce Rahima. Na ce masa ya ƙara ko layi ɗaya ne, ya ce ya isa haka. Ban san me ke ransa ba, fuskarsa ba ta nuna komai.


Nguru, ranar Alhamis

Baba Abatcha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Inna ta warke, ta gode da maganin citta.

Na karanta takardarka a tasha, na sake karantawa a gida, ba ta canja ba. "Sai na gani da idona." Wato an kai ƙarata, an yanke hukunci, saura shaida. To ba sai ka wahalar da gwiwarka ba, ni zan faɗa maka. Bappayo kuma Allah ya isa tsakanina da shi, mutumin da a bencin gaba yake zama kullum ba ya biya.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen fim ɗin, attajirin ya buɗe akwatin ƙarfensa, bai san ɓarayin sun musanya masa zinaren da sabulun wanki da suka shafa wa fenti ba. Ya ɗauki ɗaya, ya kai hanci, ya shinshina. Baturen bai ce komai ba a wurin, Baba, shiru ya yi. Shiru kuwa shi ne babban abokin gaban mai fassara, in ka bar shi ya daɗe sai mutane su fara duba waya. Ina ganin hancin nan yana motsi sai na tuna hutun da mahaifina ya kai ni Gashua, ina zaune kan buhu a rumfarka ana kawo maka kaya. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce, "Kai! Wannan ya sha ruwa!" Na ƙara da atishawar.

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Benci guda ya kife da mutanen kansa. Masuncin nan ya faɗi ƙasa yana dukan siminti. Kofur ya cire hularsa ya rufe fuska. Oga Obinna ya rugo daga wurin janareta a zatonsa faɗa ake yi. Sai da aka maido wurin baya, na sake, aka sake maidowa. Yanzu mutane tun daga ƙofa suke tambaya, "Yau Alhajin tattasai zai fito?"

Amma ban ambaci sunanka ba, ko sau ɗaya. Alhajin tattasai nawa ne a ƙasar Bade? In 'yan dakon Gashua sun gane ka, ai su suka yi rashin kunya, ba ni ba. Kuma ban ce kai azzalumi ne ba. Hancinka kawai na ara, ban ari halinka ba.

Na san abin da za a ce: yaro ya kwaikwayi ƙanin ubansa a gaban jama'a, ba shi da tarbiyya. Na ji. Amma a ce saboda atishawa ɗaya za a bar Bushra tana jira? Ita me ta yi? Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya fara kai wa Malam Modu lemo, kullum da takalmi mai sheƙi. Shi magabatansa a cike suke da mota.

Shi ke nan, na cire. Daga yau attajirin zai shinshina sabulunsa shiru kamar yadda Baturen ya yi. Ka yi haƙuri. Ban iya ba da haƙuri da kyau ba, amma wannan shi ne.

Ridwanu


Nguru, ranar Asabar

Baba Abatcha,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan kalau muke, in ban da ni.

Kasuwar Gashua ta ci ta sake ci, ba amsa. Kullum ina tasha. Bappayo in ya hango ni sai ya ɗaga hannu wofi, yana wani murmushi da ban gane masa ba. Na kira Rahima ta ce an hana ta magana. To ni me ya rage in yi? Na ba da haƙuri, na cire abin. Bari ma in faɗa maka abin da cirewar ta jawo mini, ko ranka zai yi sanyi.

Ranar farko da na yi shiru a wurin, mutane sun zaci makirfo ne ya lalace. Rana ta biyu suka fara bubbuga benci. Ranar Talatar nan kuwa abin ya kai maƙura. Rumfar ta cika har ana tsaye, 'yan ƙauye sun shigo cin kasuwa sun ji labari. An yi dariyar haƙoran tsoho, an yi ta ƙaton bututu, masunci ya ba da shawarar man gyaɗarsa kamar kullum. Aka zo wurin akwatin ƙarfe, kowa ya yi tsit, har Madam Bose ta shigo da ludayi a hannu. Attajiri ya ɗauki sabulu. Ya shinshina. Ni kuma na ce, "Sai ya gane an yaudare shi."

Baba, da ka ji ihun. "Ba haka ba ne!" "A maido!" "Ina Alhajin tattasai?" Wani ya jefe ni da ɓawon gyaɗa, wani da takalmi ƙafa ɗaya, daga baya ya zo yana nema. Kofur ya ce wannan zamba ce cikin aminci, shi a bakin aikinsa zai iya kama ni. Oga Obinna ya ja ni gefe ya ce, "Ridwanu, wetin be dis? Kana so ka kashe mini kasuwa?" Na ce masa maganar gida ce. Ya ce in gida bai warware ba zuwa ƙarshen wata zai nemo wani yaro daga Hadejia. Ka ga ke nan ga aure a rataye, ga sana'a a rataye.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani tsoho ne a bencin baya, ya naɗe fuska da rawani kamar mai ciwon haƙori, ga sanda. Tun farkon fim yake damun mutane. Da matar nan ta fara tuƙi da baya ya ce, "Wannan 'yar wace ce? A ba ta motar Jakusko!" Da aka nuna zinare ya ce ai ba a ajiye dukiya wuri ɗaya, attajirin nan sakarai ne. Da na ƙi yin abin kuwa, sai ya dogara sanda ya miƙe, ya ce shi daga nesa ya zo, an cuce shi. Sai ya ɗebi gyaɗar da ke hannun na kusa da shi, ya kai hanci, ya ce, "Wannan ya sha ruwa," ya yi wata 'yar atishawa kamar ta kyanwa.

Mutane suka fashe da dariya, suka hau tafa masa. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci. Na ɗauki makirfo na ce, "Tsoho, zauna. Ko kwaikwayon ma ba ka iya ba. Mai abin yana Gashua, shi in ya yi atishawa sai buhu ya motsa. Kai je ka gida ka sha kunu." Jama'a suka goyi bayana, suka ce gaskiya bai kai nawa ba. Ya tsaya ya dube ni, kafaɗunsa suna rawa, ya fita.

Ka ga har kare maka mutunci nake yi a gaban masu kwaikwayon banza, kai kuwa ko layi ɗaya. In ba za ka zo ba ka faɗa mini kai tsaye, in san abin da zan gaya wa yarinyar mutane. Jiya ma ta aiko ƙanwarta da tambaya.

Ridwanu


Gashua, ranar Litinin

Ridwanu, ɗan nema,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura saboda bencin Obinna ba shi da majingina. Kunun da ka ce in sha na sha, na gode. Rahima ce ke rubutawa, in ka ga rubutun ya karkace dariya take yi.

Ni ne tsohon. Ni ne ban iya kwaikwayon kaina ba.

Kai wane irin mai karatu ne? Na ce sai na gani da idona. Malam Modu zai tambaye ni sana'ar yaro, in ce masa me, ban gani ba? Ni ko tattasai ba na saye sai na shinshina, balle in je in tsaya wa mutum a gaban surukai. Sannan kowa a Gashua ya ji yadda kake yi na, har mai shayi, ni kaɗai ne ban ji ba. Na jira gwiwa ta lafa, na hau motar Bappayo, na ce in ya faɗa maka sai na sa an daina ba shi lodi. Na sha rami tun daga nan har Nguru, na zauna cikin zafi da warin kifi, aka zo wurin, ka ce, "Sai ya gane an yaudare shi." Wallahi ni ne aka yaudara.

Amma na gani. Na ga mutum ɗaya ya riƙe rumfa guda da bakinsa. Ƙaton bututun nan ya sa na yi dariya har rawanina ya kusa warwarewa. Sana'a ce.

Yanzu ka buɗe kunne, don na ga ba wanda ya zaunar da kai ya lissafa maka danginka. Ka rubuta wai ka kwaikwayi ƙanin ubanka. Wa ya ce maka ni ƙanin ubanka ne? Kakanka Malam Abbagana yayana ne, ubanmu ɗaya. An haife ni a tsufan mahaifinmu, shekara ɗaya da Kyari ubanka, muka tashi tare muna kamun kifi a kogi, shi ya sa kuka taso kuna ce mini Baba, ni kuma ban gyara ba don kada a ce na tsufa. Kyari ɗana ne. Kai jikana ne.

Da ni ƙanin ubanka ne, da abin da ka yi ya zama rashin kunya, sai an haɗa da manya an ba ni haƙuri. Amma tsakanin jika da kaka ai wasa ne, haƙƙinka ne. Ka kwaikwaye ni, ka ce na tsufa, ka ce in je in sha kunu, babu mai cewa don me. Haƙurin da ka bayar na mayar maka, ka ajiye, za ka buƙace shi a gidan aure.

Sai dai ka sani wasan nan ba gefe ɗaya yake ba. Da na fito daga gidan kallon ban koma tasha ba, gidan Malam Modu na nufa. Mun gaisa, ashe ya taɓa sayen tattasai a hannuna. Na nemi auren, ya bayar, za mu koma da goro bayan an yanke shinkafa. Mai takalmi mai sheƙi ya nemi wani gidan. An kira yarinyar ta gaishe ni, na gan ta. Na ce wa Malam Modu ni fa na yi wa kaina kamu, wannan matata ce, jikana ɗan aike ne kawai. Me za ta yi da yaro mai faɗa da tsofaffi a makirfo, ga ni da rumfa a kasuwa?

In kana son in sakar maka ita, sharaɗi ɗaya ne. Ka mayar da Alhajin tattasai wurinsa kafin Obinna ya kore ka. Sannan ka zo Gashua da fim ɗin, na yi magana da mai gidan kallon bakin kasuwa. Zan zauna a bencin gaba, fuska a buɗe. Kuma ka gyara: ba na cewa "Kai" a farko, 'yan dako ne da kai kuka ƙara. Atishawar kuma ranar mura ce ta rage mata ƙarfi.

Kakanka, mijin Bushra,
Abatcha

Yaya, ni ce Rahima. Tun da ya dawo yake gwada atishawa a bayan gida, wai yana so ya ji ko da gaske ta kyanwa ce. Kuma ashe ni gwaggonka ce, sai ka fara rusuna mini.


Nguru, ranar Laraba

Kaka,

Assalamu alaikum. Yaya tsufa? Yaya gwiwar da ba ta iya zuwa neman aure amma ta iya zuwa kallon ɓarayi? A gaida Gwaggo Rahima, ta jira rusunawar, tana tafe a motar Bappayo.

Na karanta takardarka a tasha, na zauna a kan tayar mota na rufe fuska. Na je na tambayi Inna, ta ce, "Au, ai kowa ya sani." Kowa ya sani! Na yi makonni ba na cin abinci da daɗi, na sha jifa da takalmi, na kusa rasa aiki, ashe duk haƙƙina nake ba da haƙuri a kai. Wannan dangi namu sai a hankali. Da na san kai kakana ne, da tuni na sa har da tafiyarka.

Alhajin tattasai ya dawo jiya. Da na faɗa wa jama'a cewa tsohon ranar nan shi ne mai abin da kansa, rumfar ta kusa faɗuwa. Masunci ya rantse shi tun farko ya gane, ƙarya yake. Kofur ya ce duk da haka nawa ya fi. Madam Bose ta ce in ka sake zuwa shinkafarka kyauta ce, amma kada ka shinshina mata. Oga Obinna ya fasa maganar yaron Hadejia, yanzu tambayata yake ko ina da wani kakan.

Zan zo Gashua ranar kasuwa mai zuwa. "Kai" ɗin kuwa ba zan cire ba. Kai ka san tattasai, ni na san 'yan kallo.

Na gode, Kaka. Wannan da gaske nake, kada ka saba.

Maganar matarka kuma, na kai mata takardarka har zaure, na karanta mata wurin da ka ce ka yi wa kanka kamu. Ta karɓa, ta juya ta, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce in gaishe da angon, amma in faɗa masa gaskiya: wannan ya sha ruwa.

Jikanka, mai matar,
Ridwanu